A Ba Yaro Fensir, A Ajiye Waya

Mutum zai biya kuɗin jirgi har birnin Paris, ya ja 'ya'yansa zuwa gidan tarihi na Louvre, ya kutsa cunkoso don ganin Mona Lisa, sai ya tarar da zanen da tsayinsa santimita 77 ne kacal, a bayan gilashi, wayoyi sun yi masa rumfa. Abin da yaran suka gani dai ƙeyar baƙi ce. Uban ma baya ya juya wa zanen don fuskarsa ta fito a hoto. Shi ya sa dabarar gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam ta fi ma'ana: a 2015 suka shiga roƙon maziyarta su riƙa zana abin da suke kallo maimakon ɗaukarsa a waya. Mai zane dole ya tsaya, ya lura da inda inuwa ta faɗi, ya ƙirga yatsun hannu.

Wani zai ce ai yaro bai iya zane ba, dokin sarki akuya zai koma a hannunsa. To, sai me? Kafin ya ɓata dokin, ai ya ƙare masa kallo, abin da babansa bai yi ba. Wani kuma zai ce yara saurin gajiya gare su. Haka ne, amma wanda aka ja ɗaki arba'in ya fi saurin fashewa da kuka a kan wanda aka zaunar gaban zane ɗaya da takarda. A dai ja masa kunne tun daga ƙofa cewa bangon gidan ba allonsa ba ne.