Mawaƙin da Shi Ne Yaran Kansa

Makaɗin fada yana da ubangida, yana da 'yan amshi. Mawaƙi mai zaman kansa da ya ɗauki hanyar Madawa zuwa Buza da Keita, shi ne manaja, shi ne ɗan dako, shi zai ɗaure lasifika a bayan kabu-kabu ya rungume ta har a sauka.

Kuma sai ya san kalandar albasa fiye da manomi. In an kwashe albasar rani a Madawa, aljihu ya cika, biki ya yawaita, ko tari ka yi a makirufo za a liƙa maka. In ka zo da damina kuwa, kowa yana gona, kai da awaki ne a fili.

Liƙin ma da ƙa'idarsa. Allah ya saka wa bankin BCEAO da alheri da ya dawo da takardar dala ɗari a 2012, don kwabban sefa ba sa zama a goshi, jifa ake yi da su.

A Keita za ka tarar samari sun haddace waƙarka tsaf, an tura musu kyauta a waya. Su tafa, su rungume ka, sannan mai injin wuta ya matso da lissafin mai.