Wai Su Ma Matan Ba Su Shirya Ba

To, 'yan majalisar shayi na Falanko, na ji an ce kun sami abin dariya. Wai matan da ke yaƙi da fyaɗe sun rabu biyu, wasu na cewa a fito titi, wasu na cewa a bi a hankali, don haka ku kun huta. Sannunku da hutawa! Ku da ganin watan Sallah ma kan raba ku sahu biyu, yau ku ne masu koya wa mata haɗin kai?

Saɓanin dai akwai shi, kuma ba yau ya fara ba. A 2011 wani ɗan sanda a Toronto ta Kanada ya ce mata su gyara shigarsu in ba sa son a far musu. Mata suka cika titi, wasu da shigar da za ta sa Alhaji ya zubar da shayinsa. Ba a rufa shekara ba wasu mata baƙar fata a Amurka suka fitar da wasiƙa, suka ce manufar tasu ce, amma sunan tattakin da salonsa ba nasu ba ne.

Na san me za ku ce: "Ai wannan na Turawa ne." To, mu dawo gida. A 2019 Fakhrriyyah Hashim ta ƙirƙiro #ArewaMeToo, 'yan mata suka fara faɗin abin da aka yi musu. Aka kama Maryam Awaisu a Kaduna, 'yan sanda suka hana tattaki a Sakkwato. Wasu iyaye mata suka ce, "Yaran nan, ku bi ta wajen malamai da sarakuna, titi baƙin jini zai jawo muku." Suna da hujja, don in mace ɗaya aka laƙaba wa "'yar kwangilar Turawa", goma sun koma ɗaki. Sai dai Sakkwaton nan ta amince da dokar hana cin zarafi da ake nema a 2021. Mu kuwa a Nijar, ranar mata ta 13 ga Mayu da kuke gani ana ɗinka anko, tattaki ne ya haife ta: a 1991 matan Yamai suka fito neman kujeru a kwamitin shirya taron ƙasa.

Ni dai ban ce a ɗauko kwalaye ranar kasuwa a Falanko ba. Rediyo da mumbari za su fi kai saƙon nan Damargu. Amma ku lura, masu titi da masu lallami duk sun haɗu a kan ƙin tambayar nan taku: "Me ya kai ta can?" Ruwa ya kai ta, Baba. Kai ka aike ta rijiya da jaki da jarka huɗu tun rana ba ta fito ba. Inna ta ɗora mata tallar fura, hijabinta har ƙasa. In abin ya faru kuma, sai a taru a zauren maigari, a raba goro, a ce a rufa asiri. Asirin wa? Yarinya ta bar lakwal, shi kuwa gogan yana sahun gaba ranar Juma'a.

Ku bar mata su yi gardamarsu, za su sasanta. Ku naku mai sauƙi ne: in an taɓa 'yar wani, a kai ta likita ran nan, a kai ƙara wajen jandarma a Tanut, a bar goron a aljihu.