Ɗan Wana Zai Bar Noma

Ɗan wana ya same ni a gindin darbejiya nan Kaya, ya durƙusa, ya ce, "Baffa, na bar noma. Karta ce sana'ata daga yau."

Wai a waya ya gani: a 2003 wani akawu Ba'amurke, Chris Moneymaker, ya ci dala miliyan 2.5 a gasar karta ta Las Vegas. Na ce madalla. Ɗaruruwan da suka koma gida aljihu wayam fa, su ma an nuna maka hotonsu?

Jari kuwa, buhun shinkafar Bakolori biyu na uwarsa zai kai kasuwar Talata Mafara. Uwar ba ta da labari.

An ce wannan karta tana son mai ɓoye abin da ke ransa. Yaron nan ko ƙuli ya ɗauka, kunnuwansa ke fara tona shi. A dara ma yara ke cinye shi.

Na tuna masa tun 1999 Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, saboda haka a Zamfara alƙali ke miƙa wa zakaran caca kofi.

Ya yi shiru, can ya ce, "To Baffa, ranta mini kuɗin mota."