Ci Gaba, Alhaji, Na Kusa Kama Ta

Highlander ce 'yar 2008, ta Kwatano, wadda dillali ya rantse mini wata tsohuwa ce a Kanada take zuwa cefane da ita kawai. Ba a je ko'ina ba ta fara magana. Da zarar tayar gaba ta hagu ta faɗa ɗan rami sai ka ji gwaf, a gargada kuwa gwaf-gwaf-gwaf har a tafin ƙafa. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Jiya da hantsi na kai ta wani gareji a gefen titi, kusa da Ƙofar Ruwa.

Bakaniken ya san aikinsa, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ɗaga ta a jak, ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, ya ce boljoyin lafiya. Ya kama ta gefe da gefe, ya ce tayarod ma ba ya wasa. Ya leƙa shokozoba bai ga mai yana tsiyaya ba. Ya sa na karya sitiyari har ƙarshe na zaga fili, ba a ji ƙas-ƙas ɗin shaf ba. Saura linkej, in ji shi, ɗan siririn ƙarfen nan da ke haɗa sandar hana tangaɗi da shokozoba. Shi kuma in an ɗaga gefe ɗaya sai ya ɗaure ya yi lamo, ba ya tona kansa sai mota tana kan ƙafafunta ana jijjiga ta hagu da dama.

Duk wannan a kan idon wani dattijo mai rake da ya ajiye baronsa a inuwa. Tun kafin a kwance ko noti ɗaya ya gama bincikensa.

"Alhaji, ba abin da ya same ta. Sanyi ta saba. Ka dinga kwara mata ruwan randa da asuba."

Na ce to, Baba.

"In ta ƙi, ka ɗora buhun siminti a kujerar gaba. Mota in ta ji nauyi ba ta surutu."

Aka gangara da motar kan ramin gyara, bakanike ya shige ƙasa ya dafa ƙarfen da hannu. Ya dubi yaransa, duk ba wanda iska ba za ta ɗauka ba, ya dube ni. Ni kuwa Allah ya hore mini jiki. Ya ce in taka dokin ƙofa, in kama ƙarfen da ke kan rufin motar, in yi ta lilo da ita. Don gudun baƙin mai na tuɓe shaddata na miƙa wa yaro, na rage daga ni sai singileti da wando.

Na hau. Na ja, na saki, na ja, na saki. Motar ta ɗauki rawa, ni ma na fara jin daɗin abin.

"Yawwa! Ci gaba, Alhaji, na kusa kama ta!"

A ja na gaba na ji ɗas a ƙuguna. Ba daga motar ba ne. Tazuge ne.

Wandon shadda mai sitaci ba ya zamewa a hankali ya ba ka damar shawara. Sulalewa yake gaba ɗaya, ya taru a idon sawu. Hannuwana biyu suna sama, in na saki in faɗa ramin a kan bakanike. Abin da ya rage tsakanina da jama'ar Kano shi ne wani tsohon gajeren wandon ƙwallo, ruwan ɗorawa, mai lamba 9 a cinya.

A daidai nan cunkoso ya tsayar da wata adaidaita sahu a bakin garejin, taku kaɗan daga inda nake reto. Mata ne a ciki cikin anko, za su biki. Ta gefen nan, wadda ta ɗaga labule don ta sha iska, surukata ce.

Muka haɗa ido.

Tun da na auri 'yarta ban taɓa gaishe ta a tsaye ba, kuma jiki ba ya tambayar ƙwaƙwalwa a irin wannan. Sai na ji gwiwoyina sun lanƙwashe da kansu. Na durƙusa a dokin ƙofa, ina rataye da rufin mota, wando a ƙafa, na ce, "Hajiya, ina wuni?" Da hantsi, jama'a. Ina wuni.

Durƙuson ya ja motar gefe da ƙarfi. Gwaf!

"Ita ce! Alhaji, sake yin wannan ɗin daidai!"

Hajiya ta mayar da idonta kan wani tulin tsofaffin tayoyi, ta ce musu, "Sannu da aiki." Ta saki labule a hankali. Labulen bai hana ni jin wata daga ciki tana tambaya ba: "Ba mijin Ummi ba ne?" Cunkoson kuma bai motsa ba. Ban san cewa adaidaita tana iya daɗewa haka a wuri ɗaya ba.

Mai rake ya matso, yana fere, ya ƙare mini kallo daga sama har lamba 9.

"Ka gani? Da siminti ka ɗora, shi ba ya sa wando."

Ya yanko mini igiyar da yake ɗaure rake da ita, kuma sai da ya karɓi kuɗinta.

Linkej ɗin ne, na hagu, robarsa ta fashe, ƙasa ta shiga ta cinye ƙwallon ciki. Yana cikin mafi arahar kayan ƙasan mota. Aka canja duka biyun, ƙara ta ɗauke.

Da safen nan aka aiko yaro daga gidan su Ummi da ƙullin leda, aka ce a ba maigida. Ba alkaki ba ne na biki. Sabon tazuge ne, mai kauri.