Tabarau a Maƙwabtan Marina

Wani ɗan ƙanena, wanda ya riƙi Linux tamkar ɗariƙa, yana kuwa wa'azi a kanta ko ba a tambaye shi ba, ya zo mini Ƙofar Mata da wani tabarau mai rufe fuska ruf, ya ce in na sanya zan tsinci kaina a wata duniya. Hujjarsa ita ce tun 2018, da kamfanin Valve ya fito da Proton, wasannin Windows suna gudu a kan Linux, illa dai na tabarau sukan yi gardama.

Na sanya. Hoton ya riƙa tafiya yana turjewa kamar jaki a bakin kwalbati. In na waiwaya hagu, sai duniyar ta biyo ni daga baya, har jiri ya kwashe ni, shi kuwa gogan yana ta rubuce-rubuce a baƙin allon kwamfutarsa mai Linux yana cewa saura ƙiris. Marina maƙwabtanmu, waɗanda ba a san su da gaggawa ba, sun tsoma turmi uku a karofi sun shanya kafin ya gama.

Yana cewa, "Baffa, bismilla," aka ɗauke wuta.