Abin da ganye ya sha, gishiri ba ya wanke shi

Mu dai Kanawa da ido muke sayen ganye. Mai alayyahu ya sauke kwando a ƙofar gida, sai a yi masa caa, kowa na ɗaga dami yana neman wanda ya fi kore shar, mai faɗin ganye kamar tafin hannu. A yi ciniki, a nemi gyara, a shige ciki. Ba mai tambayar wane ruwa ya sha.

Jiya da hantsi muna tsakar gida ana tsinkar alayyahun miyar taushe, Inna ta ce, "Ni fa sau uku nake wankewa da gishiri, kome dattinsa sai ya fita."

Ɗan maƙwabciyarmu mai karatun aikin gona ya shigo gaisuwa, ya durƙusa ya ce, "Inna, a gafarce ni, gishiri ƙasa da tsutsa yake fitarwa. Abin da ya shiga jikin ganyen yana nan."

"Shiga ta ina, ɗan nan?"

Ya ɗauki ganye guda ya ɗaga shi sama, jijiyoyinsa suka fito rangaɗau. Ya ce saiwa ce ke zuƙo ruwa da duk abin da ya narke a ciki, har da gubar ƙarfe, ya bi kara ya hau har ganye. A bayan ganye akwai ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, ta nan ruwan ke fita ya bi iska, gubar kuma ta zauna. Gobe a sake ban ruwa, ta ƙaru. Shi ya sa alayyahu da latas da kabeji suka fi tumatir tara ta, musamman kadmiyom mai cin ƙoda. Dalma kuwa ta fi maƙalewa a saiwa, wato karas ma bai tsira ba. Tafasa tana kashe ƙwayar cuta, amma ƙarfe ba ya dahuwa.

Tsakar gida ta yi tsit, don duk mun san hanyar ruwan. Jakara ta ratso gari ta kwashi kwatami da ruwan kwata, Getsi ta zo da na masana'antun Bompai, su haɗe su gangara dam ɗin Wasai, lambuna na gefe da gefe. Ta kudu kuma majemun Sharaɗa da Challawa da sinadarin kuromiyom suke jima. Ruwan kwatami taki ne, shi ke sa ganye ya yi wannan koren da muke rububi. Dalma kuwa mun ga aikinta a Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinare mai ɗauke da ita ta kashe yara fiye da 400.

Yaya ta ce, "To mai lambu fa? Da rani ruwan da ke gabansa ke nan, kuma 'ya'yansa ma ganyen suke ci."

Gaskiyarta. Laifin yana wuyan mai zubar da ruwan ba tare da ya tace ba. Namu shi ne mu tsaya wa mai lambu a haƙa masa rijiyar burtsatse, mu kuma riƙa tambaya kafin ciniki.

Yau da safe mai alayyahu ya yi sallama. Inna ta leƙa da kwanonta, ta ce, "Malam, kafin ka faɗi kuɗi, daga wane lambu?"