Bawana Bazazzagi, Ashe Mage Ce Ta Ramar Da Kai?

Labari ya iso mana Kano cewa ka rame. Na zaci tsadar masara ce, ashe mage ce. An ce tsohuwar magen gidanka ta mayar da ƙarfe 3 na dare lokacin wa'azinta, sai ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinka ta dinga kwarara kuka har ka fito da tocila kana tuntuɓe da buta. An ce ran nan a sallar Asuba liman ya yi sallama, kai kana nan a sujada. Mutane suna ta yaba tsoron Allahnka, har sai da suka ji munshari.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne fatawar da ka yanke, wai mayya ce, ko kuwa ture aka yi maka. Haba! Wa zai ɓata kuɗin boka a kan Bazazzagi? Me za a samu? Magen nan shekararta 15 a gidanka. A lissafin likitocin dabbobi, shekarar farko ta mage daidai take da 15 na mutum, ta biyu ta kai ta 24, daga nan kowace shekara huɗu ake ƙirgawa. Ka ga ke nan ta doshi 76. Ta girme ka nesa ba kusa ba, gaisuwa ma ya kamata ka riƙa durƙusawa ka yi mata.

Mage tun asali da magariba da asuba take yawo, lokacin da ɓeraye ke fitowa, rana kuwa ta barci ce, awa 12 zuwa 16, tsohuwa ma ta fi haka. In tsufa ya zo kunne ya yi nauyi, sai ta riƙa ɗaga murya don ba ta jin kanta, kamar dai yadda kake yi in ka kira ni a waya. Ido ya rage gani, ruɗewar tsufa ta shigo, ta farka cikin duhu ta rasa inda take a gidan da ta girma a ciki. Ga sanyin hunturu yana shiga gaɓoɓi.

Amma akwai abin da ba na wasa ba, saurara da kyau. Idan tana ci ba ƙoshi amma sai ramewa take yi, mai yiwuwa ƙwayar maƙogwaron nan da likitoci ke kira tayirod ce take aiki fiye da kima. Idan shan ruwa da fitsari ne suka yi yawa, a duba ƙoda. Waɗannan biyun sukan jawo hawan jini, shi kuma har makanta yana kawowa. Duk suna sa tsohuwar mage kukan dare, kuma da gwajin jini da na fitsari ake gano su, hayaƙin da ka cika gida da shi ba zai nuna komai ba. Ku da kullum kuke yi mana gorin Zariya birnin ilimi, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, kuɗin Keke kawai, amma ka tafi neman mai ruƙiyya.

Na kuma san halinka na maƙo, za ka ce bari ka ɓalla mata Panadol a huta. Kul! Farasitamol guba ne ga mage, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Ragowar miyar da ta sha albasa da tafarnuwa ma ka daina zuba mata, suna lalata mata jini.

Sauran laifin naka ne. Ta yi kuka, ka tashi ka ba ta kan kifi don ta yi shiru. Gobe ta sake, ka sake tashi. To wa ya horar da wani? Mu Kanawa mun daɗe muna faɗa cewa Bazazzagi bawa ne kuna musu, yau ga mage ta kawo mana shaida.

Bayan likita ya duba ta, ga abin yi. Da rana yara su riƙa tashinta, kada ta wuni a miƙe. Bayan Isha'i ka ɗaura gashin kaza a zare ka ja mata ta ɗan bi, daidai ƙarfinta, sannan ka ba ta abincinta mafi kauri daf da kwanciya. A sa mata tsohon bargo a kwali inda iska ba ta bugawa, ruwa a kusa, da kaskon yashi mai gajeren baki don kada sai ta yi tsalle. A bar mata ƙaramar fitilar sola a kunne. In ta yi kuka, kada ka tashi, kada ka daka tsawa, kada ka wurga takalmi, don ko tsawar ma a wurinta amsa ce. Kwanakin farko kukan zai ƙaru kafin ya lafa, a nan za mu ga ko Zagezagi na da haƙuri.

Maganar buhu kuwa, da na ji kana shawarar ka ɗure ta a ciki ka kai bayan gari, ka ajiye wannan shawarar. Shekara nawa tana tsare maka hatsi ba ka sayi maganin ɓera ko sau ɗaya ba? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mage kurma mai ciwon gaɓoɓi ba ta iya farauta, jefar da ita kisa ne da yunwa. Ka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle ba ci ba sha, Bukhari da Muslim duk sun kawo shi.

Hajiyarka kuma ta ce a gaya maka, ita ta ƙaura ɗakin yara ne saboda munsharinka, wanda ya riga kukan magen da shekaru.

Ka kai ta Samaru cikin makon nan. In kuɗin gwaji ne babu, ka aiko, ubangida ba ya barin bawansa a wulaƙance. Sai dai ka sani bashi ne, kuma a rubuce, mu Kanawa ba mu saba asara ba.